Hoton tauraron ɗan'adam ya isa shaidar cin burtali?

Malamin taswira: Jama'a, ga maganar da ke yawo a Tawa tun faɗuwar damina: wai rigimar burtali ta kusa ƙarewa, tunda alƙali na iya duba hoton tauraron ɗan'adam na bara da na bana ya ga wanda ya ci iyaka. Ni ina bayan wannan magana. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na bi ta kanmu duk kwana 5, hotunansa kyauta ne, ajiyarsu ta faro tun 2015. Dattijon da aka kira shaida yakan manta, ko ya ji nauyin surukinsa. Hoto ba shi da suruki.

Mai awon fili: Malam, faɗa musu girman ɗigon mana. Kowane ɗigo a hoton Sentinel-2 mita 10 ne a kan mita 10. Burtali mai faɗin mita 50 ɗigo biyar ke nan. Manomi kuwa ba ya cinye shi a damina ɗaya, kunya biyu ko uku yake ƙarawa, abin da bai cika ɗigo guda ba. Sai an jera hotunan shekara bakwai ko takwas kafin a ga burtalin ya tsuke. Ɗigon tauraron Landsat ma mita 30 ne. Mai nuna kunya sai na saye, irin Pléiades mai santimita 50, shi kuma ba lalle a samu na ranar da ake nema ba.

Malamin taswira: To ai sai a jera ɗin. Wa ya hana?

Mai awon fili: Lokaci. A Agusta gajimare ya rufe, in ma ya yaye, gero kore ciyawa kore. Daga Disamba hazo ya dusashe hoton. Lokacin kirki shi ne Mayu zuwa farkon Yuni, bayan sharar gona, don ƙasar da aka share ta fi haske. Ko a nan, saura da filin kiwo kama ɗaya suke yi daga sama. Gonar da aka bari ta huta shekara uku, in mai ita ya dawo, hoto zai nuna shi kamar ɓarawon fili.

Lauya: Nan ne gizo ke saƙar. Hoto na faɗin abin da ya sauya da lokacin da ya sauya. Ba ya faɗin wa ya yi noman, ba ya faɗin filin na wane ne. Ku dubi shari'ar Ahmad Al Faqi Al Mahdi, wanda Nijar ta miƙa wa kotun duniya ta ICC a 2015. An gabatar da hotunan sama na hubbaren Tambutu kafin rushewar 2012 da bayanta, amma bidiyo da amsa laifin da ya yi da bakinsa su suka ɗaure shi shekara 9 a 2016. Iyakarmu da Burkina Faso ma, da takardun 1927 da taswirar 1960 kotun ICJ mai shari'a tsakanin ƙasashe ta raba ta a 2013.

Sakataren Cofo (hukumar filaye): Metir, na gode. A ƙarƙashin Code Rural na 1993, wato dokar filayen karkara, irin wannan rigima na fara zuwa gaban sarakuna don sulhu, in ya gagara sannan kotu. Abin da alƙali zai fara tambaya: an taɓa shata wannan burtali? Akwai takardar shatawa da sa hannun Cofo? An kafa turakun siminti? In babu, da me za a gwada hoton?

Malamin taswira: Ranka ya daɗe, in an tumɓuke turakun fa? Ai ana yi.

Sakataren Cofo: Sai a koma ga lambobin GPS da ke cikin takardar. A nan kam hoto na da amfani, na yarda.

Mai awon fili: Da sharaɗi. GPS ɗin waya na kuskuren mita 3 zuwa 5, fiye da abin da ake rigima a kai. Sannan a duba tsarin lambobin: garin Tawa na cikin yanki na 31 na UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya yanki-yanki, Abalak na cikin na 32. Wanda ya rikita su zai jefa gonar ɗaruruwan kilomita daga inda take.

Lauya: Kuma don Allah a daina kawo hoton da aka ɗauka daga fuskar waya a Google Earth, a zana jan layi, a buga a takarda. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tambayi ranar ɗauka, da wanda ya zana layin, shi ke nan ya rushe. A kawo asalin fayil da sunan tauraron da kwanan wata da sa'a, a rubuta duk gyaran haske ko launi da aka yi masa, a fitar da lambar SHA-256, wadda ke sauyawa in an taɓa fayil, tun ranar saukewa don a nuna ba a taɓa shi ba. Ya fi ƙarfi in kotu ce ta naɗa ƙwararren da kanta.

Malamin taswira: Ƙwararru akwai su a Yamai, a cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da hukumar taswira ta ƙasa IGNN. Tambayata, Metir, makiyayin da ya kawo ƙara ne zai biya kuɗin zuwansu, ko komin?