Waɗanda suka taka Berlin da ƙafarsu, me kuka gani?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wajen aiki za a tura ni kwas birnin Berlin cikin watan Nuwamba, kuma an ce Asabar da Lahadi namu ne. Ba na so in ƙare su a ɗakin otal. Duk inda na duba a intanet hoto iri ɗaya ne, ƙofa mai dawaki a kai da wata doguwar hasumiya. Waɗanda suka je, don Allah ku faɗa mini abin da idonku ya gani, wanne ya isa a ba shi lokaci, wanne ne suna kawai. Sai kuma batun wurin sallah da abinci.

Injiniya Na-Sabongari:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai ka lafiya. Ka fara da bas mai lamba 100. Bas ce ta haya ta kowa da kowa, tana tashi daga tashar Zoologischer Garten ta ƙare a Alexanderplatz, kuma a kan hanya za ta bi da kai ta fadar shugaban ƙasa, da majalisa, da babban titin Unter den Linden. Kafin ka shiga, ka ɗan taka zuwa cocin nan da bam ya cinye a 1943. Sun bar hasumiyarsa a karye yadda take, suka gina sabo a gefe.

Ƙofar da kake gani a hoto ita ce Ƙofar Brandenburg, an gama ta a 1791. Napoliyon ya taɓa sauke dawakin ya tafi da su Paris a 1806, sai a 1814 aka dawo da su. Ni da na tsaya a gabanta na ga ba ta kai girman da hoto ke nunawa ba, amma ka tuna shekara 28 tana tsakanin shingayen katangar da ta raba garin gida biyu, Gabas da Yamma, ba mai iya bi ta ƙarƙashinta, har Disamban 1989. Na je da sassafe kafin jama'a su cika wurin, na ratsa ta na dawo.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne ƙubbar gilashi da ke saman majalisa, wato Reichstag. Ba a biyan ko sisi, sai dai dole ka yi rajista tun da wuri a shafin majalisar, da sunanka da ranar haihuwa, ka kuma riƙe fasfo. Kana hawa kana zagayawa, gari duk yana ƙarƙashinka, in ka leƙa tsakiya kuma ga zauren da 'yan majalisa ke zama. Ka yi rajistar tun kana gida.

'Yar Katsina a Jamus:
Yaya Ɗan Fagge, in dai katangar Berlin kake son fahimta, ka tafi Bernauer Straße. Ina karatu a garin, kuma duk baƙon da ya zo mini can nake kai shi.

A titin nan gidajen suna ɓangaren Gabas, amma bakin ƙofarsu yana ɓangaren Yamma. Da aka rufe iyaka ranar 13 ga Agusta 1961, mutane suka riƙa dirowa ta taga, 'yan kwana-kwana na Yamma suna tare su da tanti. Wata mata mai suna Ida Siekmann ta diro daga bene kafin a kai ga tare ta, ta rasu, ita ce ta farko da katangar ta ci. Daga baya aka toshe tagogin da bulo, aka kwashe mutanen, aka rushe gidajen. Har coci aka tayar da nakiya a 1985 don ya tare wa masu gadi gani.

Akwai hasumiya a tsallaken titi da ake hawa kyauta. Daga sama ne za ka ga ashe katanga biyu ce, tsakaninsu fili mai yashi da fitilu da ɗakin mai gadi. Ranar da na fara hawa na daɗe ban yi magana ba. A ƙasa kuma akwai bango mai hotunan waɗanda suka mutu, aƙalla mutum 140, har da yara ƙanana. An sa faranti-faranti na ƙarfe a ƙasa da ke nuna inda aka haƙa ramuka aka sulale, ɗaya daga ciki mutum 57 ne suka bi ta cikinsa a 1964.

Checkpoint Charlie kuwa, wato tsohuwar mashigar iyaka tsakanin Gabas da Yamma, minti goma ya ishe ka. Rumfar da ke wurin kwaikwayo ce, ta ainihin tana wani gidan tarihi a unguwar Dahlem, kewayen duk shagunan tsaraba ne. East Side Gallery tana da kyau don hoto, kilomita 1.3 na katanga da zane-zane a bakin kogin Spree, amma ba za ta nuna maka yadda aka tsare mutane ba.

Abban Sadiya:
Na goyi bayanta. Kuma ka riƙa duban ƙasa in kana tafiya. Layin duwatsu biyu da za ka ga ya ratsa kwalta, nan katangar ta bi. Za ka kuma ga ƙananan faranti na tagulla a ƙofar gidaje, kowanne da sunan mutumin da 'yan Nazi suka ɗauke daga gidan, da shekarar haihuwarsa, da inda aka kashe shi. A unguwar da na sauka na ga iyali guda a jere, har da jariri. A dandalin Bebelplatz ma akwai gilashi a ƙasa, in ka leƙa sai ka ga kantocin littattafai ba komai a kansu, nan aka ƙona littattafai kusan 20,000 a watan Mayun 1933. Da yamma ya fi fitowa.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum. Ni abin da ya kai ni shi ne in ga inda aka yi taron raba Afirka. Na sha tambaya kafin in samu, don har 'yan garin da dama ba su san da shi ba. Yana titin Wilhelmstraße, lamba 92, tafiyar ƙafa kaɗan daga Ƙofar Brandenburg. Fadar da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara su babu ita, yaƙi ya ci ta, yanzu gidajen kwana ne a wurin. Abin da ya rage allo ne guda a bakin titi, da taswirar Afirka da bayani cikin Jamusanci da Turanci da Faransanci. Daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 ƙasashe 14 suka zauna, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin.

Wallahi raina ya ɓaci. Mutane na ta wucewa da kekuna ba mai waiwaye. Ni da kakata 'yar Jibiya ce, kakana ɗan Maraɗi, ina tsaye a inda aka raba mu, kuma allon bai fi ƙofar ɗaki ba. Na ji ma cewa wata ƙungiyar 'yan Afirka ce ta tsaya aka kafa shi a 2005. Ɗan Fagge, ko ba ka je ko'ina ba, ka je nan.

Malamin Tarihi:
Ɗan'uwa Bamaraɗe, ɓacin ranka yana kan hanya, nima na tsaya a gaban allon nan. Sai dai a gyara abu guda saboda masu karatu. A taron Berlin ba a zana iyakar Najeriya da Nijar ba. Abin da suka yi shi ne kafa ƙa'idar yadda Turawa za su riƙa kama ƙasa ba tare da sun yaƙi juna ba, da batun zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da kogin Kwara. Iyakarmu Ingila da Faransa ne suka yanka ta daga baya, da layin da ya tashi daga Sayi zuwa Barruwa a 1890, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Wannan bai wanke Berlin ba, daga nan aka ba da lasisin.

Tunda kana kusa, ka gangara zuwa wurin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe. Ginshiƙan siminti ne 2,711, an buɗe a 2005. Daga baki gajeru ne, kana shiga ƙasa na nutsewa har su fi ƙarfin kanka, ƙarar motoci ta ɗauke. A ƙarƙashinsa akwai ɗakunan bayani, a ɗaya ana karanto sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya. Kar a hau kan duwatsun don hoto, na ga masu gadi suna sauke mutane. Na girmama Jamusawa kan cewa sun ba wannan laifi nasu fili mai faɗi a tsakiyar babban birninsu. Abin da na nema ban samu ba shi ne irin wannan girma ga Herero da Nama na Namibiya da sojojinsu suka hallaka daga 1904 zuwa 1908, wanda sai a 2021 gwamnatinsu ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne.

Hajiya Maman Walida:
Malam, ka tuna mini. A maƙabartar sojoji da ke manne da masallacin da muke zuwa akwai wani dutse da aka kafa don sojojin Jamus da suka mutu a Namibiya. Lokacin da na gan shi, ɗan allon da ke ambaton mutanen ƙasar yana kwance a ƙasa gabansa, kuma sai a 2009 aka ƙara shi.

Ɗana Ɗan Fagge, batun sallah. Masallacin Şehitlik na Turkawa yana titin Columbiadamm, mai hasumiya biyu da ƙubba, ciki an ƙawata shi sosai, a harabarsa akwai kaburburan Musulmi tun na 1866. Akwai wurin alwala mai ruwan ɗumi, da ɓangaren mata. Bayansa tsohon filin jirgin Tempelhof ne, an rufe shi a 2008, yanzu jama'a ke yawo a kan titin jiragen. Ka lura a Nuwamba rana gajeriya ce ƙwarai. Azahar wajen sha biyu, la'asar wajen biyu, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna an yi magariba. Ka fita da alwalarka da ƙaramar darduma a jaka, ka sa safa mai kauri.

Abinci kuma ka nufi Sonnenallee a Neukölln, daga farko har ƙarshe shagunan Larabawa ne, nama na halal, shinkafa da kaza, gurasa da zafinta. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke sai na manyan tashoshin jirgi, ka yi sayayyarka Asabar.

Ɗan Garwa:
Mu na Kamaru lissafinmu da su daban ne, domin su suka ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a 1902. Na shiga Humboldt Forum, fadar sarakunan da aka sake ginawa a gaban tsibirin gidajen tarihi. A sama na tarar da karagar Sarkin Bamun, an lulluɓe ta da duwatsun ado da wuri, aikin da ido ba ya gajiya da kallo. An rubuta cewa Sarki Njoya ne ya ba Sarkin Jamus kyauta a 1908. Na tambayi kaina wace irin kyauta ce tsakanin mai bindiga da wanda aka ci ƙasarsa. Kayan tagulla na masarautar Benin ma suna nan. A 2022 an mayar wa Najeriya mallakar fiye da 500 da ke Berlin, waɗanda suka rage a baje aro ne.

In lokaci ya ba ka, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Wedding. Akwai unguwar da titunanta ke da sunayen Togo, Kamaru, Gini, Zanzibar. Wani dandali a can da sunan Gustav Nachtigal yake, mutumin da ya kai wa Shehu Umar na Borno kyautar Sarkin Prusiya a Kukawa a 1870, daga baya ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A Disamban 2022 aka canza sunan zuwa Manga Bell, don tunawa da sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914, da kuma tunawa da matarsa. Na yi hoto a ƙarƙashin sabon allon na tura wa mahaifina.

'Yar Katsina a Jamus:
Ƙari kan gidajen tarihi: Pergamon a rufe yake tun Oktoban 2023 ana gyara, kar ka sa rai da shi sai ka duba. Neues Museum yana buɗe, can mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti ta Masar yake, ita kaɗai a ɗakinta, ba a yarda a ɗauke ta hoto ba. Gida ɗaya ya ishe ka a yini, ƙafa ce ke gajiya.

Ba'agadeshe:
Ba wanda ya ambaci Abdulkarim. Heinrich Barth nake nufi, Bajamushen nan mai yawon bincike da ya sauka Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851, ya ji Hausa, ya rubuta yadda ya ga kasuwa da marina. A garinmu har yau ana nuna gidan da ya kwana. A Berlin ya rasu a 1865, kabarinsa yana maƙabartar cocin Jerusalem da ke Mehringdamm a Kreuzberg. Na je na same shi, wuri ne shiru, ba layi ba tikiti. Maƙabartun da yawa ne a haɗe, ka nemi ta uku, ka duba taswirar da ke bakin ƙofa.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri, na rubuta duka. Hasumiyar fa, ba wanda ya ce komai a kanta. Kuma wane tikiti zan saya?

Injiniya Na-Sabongari:
Hasumiyar talabijin ce ta Alexanderplatz, mita 368, gwamnatin Gabas ta gama ta a 1969. Na hau, kuɗin da ɗan yawa, kuma a Nuwamba hazo kan rufe gari ka biya ka ga fari fat. In ka samu ƙubbar majalisa ka bar ta, in kuma gari ya waye tas ka sayi tikitin ta intanet don kauce wa layi.

Tikitin sufuri ka sayi na awa 24, yankin AB, wato cikin gari, yana yi maka bas da tram da jiragen ƙasa na cikin gari da na ƙarƙashin ƙasa. Ranar zuwa da ranar komawa filin jirgi sai tikitin ABC, wanda ya haɗa da wajen gari. In na takarda ne ka tura shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka shiga, ba ƙofa ba mai tsayar da kai, amma masu duba tikiti cikin kayan gida suke, tarar kuma Yuro 60 ce. Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, kar ka tsaya a kai. Asabar ka haɗa majalisa da ƙofa da ginshiƙan da Wilhelmstraße, duk a ƙafa ne. Lahadi ka fara da Bernauer Straße da safe, ka yi azahar a masallacin da Hajiya ta faɗa.