Ta yaya ƙungiyar iyaye mata za ta sa hukuma ta saurare ta kan ambaliya da dashen itatuwa?

Uwar Adashi:
Assalamu alaikum. Tambayata kan ƙungiyar iyaye mata ce ta unguwa, irin wadda ke adashi da taimakon juna. Duk damina ruwa na cin gidaje saboda kwata ta toshe, da rani kuma ba inuwa, itacen girki sai tsada yake. Ana gayyatar mata ranar dashen bishiya, a ɗauki hoto, a watse. Ta wace hanya za a bi har maganarmu ta shiga kasafin kuɗi?

Malam Na Sakatariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da kundin tsarin ƙungiya da sunayen shugabanni. Ba tare da takarda ba, za a ɗauke ku 'yan gaisuwa ne kawai.

Sannan ku zaɓi buƙata ɗaya. Kada ku rubuta "muna fama da sauyin yanayi", wannan ba ya shiga kasafi. Ku rubuta: kwatar da ta tashi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, tsawonta mita kaza, gidaje kaza ruwa ya shiga bara, ga hotuna da kwanan wata. Mai unguwa ya sa hannu. Ku yi kwafi huɗu, na shugaban ƙaramar hukuma, na kansila, na ɗan majalisar jiha, da naku, a buga muku hatimin karɓa a kan naku.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokaci. Mutane na kai kuka a Agusta ruwa na tsaka da ɓarna, sai a ba su shinkafa da tabarmi. Gwamnoni kan kai kasafi majalisa ne a watannin ƙarshen shekara, to takardarku ta riga shi isa, a bi ta da ƙafa. In an ce an ware kuɗi ba a ga aiki ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar da aka rubuta mata, ko da yake wasu jihohi na jan ƙafa a kanta.

Yaya Mai Gandun Daji:
Ni kan itatuwan zan yi magana, don nan kuɗi ke zurarewa. Yawancin dashen bikin nan mutuwa yake, saboda ana yin sa a makare, ba shinge, ba mai ban ruwa. A raini iri a leda tun Maris ko Afrilu: ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, taki da ya ruɓe kashi ɗaya. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A dasa in damina ta zauna, wajen Yuli, a rami mai zurfin kusan rabin mita, a yage ledar tukuna. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, in ba haka ba akuya ta gama da shi kafin la'asar. Ranin farko ne ke kashewa, don haka kowace bishiya ta sami uwar da aka rubuta sunanta a kanta, ruwan wanke shinkafa da na alwala ya ishe ta. Zogale da kuka su mata suka fi kula da su, tunda suna shiga tukunya. Irin darbejiya kuwa a shuka shi da wuri, ba ya jure ajiya.

A gona ma ba sai an saya ba. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture, su zaɓi rassa masu ƙarfi su sassabe sauran. Da haka gawo ya dawo a miliyoyin hekta a Nijar.

Hajiya Ta Kwamiti:
Duk gaskiya ne, amma 'yar'uwa ku nemi kujera, ba gayyata ba. Akwai kwamitin raya mazaɓa da kwamitin kula da makaranta, duka ana buƙatar mata a ciki. Ku tura wadda za ta iya karanta takarda ta kuma yi magana gaban dagaci, ko da ba ita ce babba a shekaru ba. A nemi a sa taro da hantsi, ba bayan isha'i ba, domin da taron dare ake fitar da mata ba tare da an kore su ba. A sanar da mazaje da liman tun farko.

Hukumar Babbar Katangar Itatuwa, mai yaƙi da kwararowar hamada, tana aiki a jihohi 11 na Arewa, shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace, kuma a jihohi 19 da Abuja. Ku je ofishinsu na jiha ta ma'aikatar muhalli, ku tambayi yadda ƙungiya ke shiga, ku tafi da takardar rajista da lambar asusun ƙungiya, ba na shugaba ba.