Ɗan daba: gida ne ya sake shi ko gari ne ya ɗauke shi?

Kawu: Ni maganata ɗaya ce. Duk yaron da kuka gani da wuƙa yana ƙwacen waya, daga gidansu aka fara sakinsa. Uba ya fita tun asuba, bai san inda ɗansa ya kwana ba, sannan a ce laifin gwamnati ne?

Malamin firamare: Kawu, Allah ya ƙara girma, "duk" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Ajina yara sun haura ɗari, ni kaɗai. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta ce karatu kyauta ne kuma dole har aji uku na ƙaramar sakandare, amma yaro yana gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Ba karatu, ba sana'a, wa zai karɓe shi in ba majalisar bakin layi ba?

Hajiya: Malam, kafin ya zo ajinka an riga an gama da shi. A saki uwa, a bar yara huɗu hannun kaka wadda ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa. Na ga wannan a layinmu, ba sau ɗaya ba.

Ɗan Gombe: Duk kun tsallake mai ba da kuɗin. 'Yan Kalare, wato 'yan daban wurinmu, da siyasa suka yi ƙarfi, a zaɓukan 2003 da 2007. Wasunsu 'ya'yan gidajen mutunci ne, sun yi allo, sun yi boko.

Kawu: To uban yana ina lokacin da ɗansa ya shigo da sabon babur?

Ɗan Gombe: Wani uban ma a babur ɗin ake kai shi kasuwa, Kawu.

Malamin firamare: Kuma kodin da aka hana a 2018, 'ya'yan talakawa kaɗai ke sha? Har masu direba.

Kawu: Shi ya sa da can in yaro ya gagara, gidan mari ake kai shi, ya dawo ya nutsu.

Hajiya: Haba Kawu. Ka manta gidan marin Rigasa da ke Kaduna a 2019? Sama da mutum 300 'yan sanda suka fitar, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Wannan ma ai saki ne, sai dai an sa masa kwaɗo.

Kawu: Ashe kin dawo kan maganata, Hajiya.

Hajiya: Rabinta dai. Babur ɗin har yanzu ba ka amsa ba.