Wane shago ya dace in buɗe a Faransa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan bar Maradi in bi maigidana Faransa, ina kuma tunanin buɗe ƙaramin shago, ko na kilishi ko na turaren wuta da lalle. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki cire kilishi daga lissafi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashenmu, alhali turare ba ya lalacewa ko ya shekara a ajiye.

Amsa: Hajiya, kafin maganar haja, ki tabbatar takardar zamanki ta ba ki izinin kasuwanci, sannan ki gwada kasuwar ta intanet, saboda kuɗin haya a can yana iya cinye jari.

Amsa: Ni da jakunkunan fatar jar akuyarmu zan fara.