Neman shawara: in je Indiya gwajin kitsen maniyyi ko in dakata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekararmu 5 da aure ba mu samu haihuwa ba, kuma duk wannan lokaci matata ake kaiwa asibiti, har Hajiyarmu ta fara yi mini maganar ƙarin aure. Bayan sallar da ta wuce na je a ɓoye aka yi mini gwajin maniyyi, takardar ta nuna ƙwayoyi miliyan 19 a kowane mililita, amma kashi 24 cikin 100 ne suke motsi. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya ce can ana auna sinadaran kitsen da ke cikin maniyyi, irin su DHA, a gano ainihin matsalar. Na riga na sayar da babur ɗina don kuɗin tafiya.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ɗan uwa, ka riƙe kuɗinka. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, mafi ƙarancin adadi miliyan 16 ne, motsi kuwa kashi 42, don haka yawanka ya isa, motsin ne ya gaza. Gaskiya ne DHA kitse ne mai yawa a fatar ƙwayar maniyyi, shi ke sa ta laushi, kuma masu bincike sun ga ƙarancinsa a maniyyin da motsinsa ya yi rauni, kamar yadda suke ganin ƙaruwar MDA, wato ragowar kitsen da ya lalace. Amma har yanzu aikin bincike ne, babu iyakar da aka amince da ita da likita zai duba ya rubuta magani. Kwana nawa ka ƙaurace wa iyali kafin gwajin? Ƙa'idar kwana 2 zuwa 7 ce. Ka yi zazzaɓi a lokacin? Maniyyi yakan ɗauki kusan kwana 74 kafin ya haɗu, saboda haka ka maimaita bayan wata uku, a kuma duba jijiyoyin marainanka ko sun kumbura.

Maman Amira: Ni abin da ya tsaya mini shi ne baiwar Allahn nan. Shekara 7 na sha jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji, daga baya aka gano matsalar daga wajensa take, har yau babu wanda ya ba ni haƙuri. Malam, ka gaya mata?

Abu Sadik: Tunda DHA ɗin nan kitse ne da ake samu a kifi, ka dage da sardin da ƙwayar man kifi ta omega-3, ka bar zancen jirgi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Kifi ba zai cuce shi ba, amma ba ya warkar da kumburin jijiya. Gara ya fara ganin likitan mafitsara tukuna.

Mai tambaya: Na gode. Ban gaya mata ba, domin ina son in tabbatar tukuna. Garinmu ƙarami ne, kuma wani surukina yana aiki a asibitin da zan je. Ƙanena ba zai yaudare ni ba, har ya fara nemo mini masauki.

Maman Amira: To ita kuma ta ci gaba da shan maganin har ka dawo?