Wace kalma za mu ba Primogenitur da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, ina wani rubutu kan sarakunan Jamus na da, na zo na cije a kalma ɗaya, Primogenitur, wato tsarin da babban ɗa namiji ke gaje ƙasa dukkanta shi kaɗai ba a yanka wa ƙanne komai. Kafin tsarin nan ya kafu su ƙasa kamar gona suke rabata, uba ya mutu 'ya'ya su zauna kowa ya ja nasa. Bavariya an rabata biyu a 1255, a 1392 kuma aka sake yankata uku, Munik da Landshut da Ingolstadt, duk gida ɗaya ne fa na Wittelsbach. Da Georg mai mulkin Landshut ya rasu a 1503 bai bar ɗa namiji ba ya so ƙasar ta koma hannun 'yarsa da mijinta, sai yaƙi ya ɓarke a 1504, bayan an gama ne Albrecht na huɗu mai mulkin Munik ya kafa doka a Bavariya a 1506 cewa daga yanzu babban ɗa ne kawai. Ni dai na fara sa "gadon ɗan fari" amma raina bai kwanta ba.

Wa alaikumus salam Malam, ai gara da bai kwanta ba. Ɗan fari a wajenmu haihuwar farko ce, toh in mace aka fara haifa fa? ko na farin ya rasu yana goye? Wanda zai hau ba ɗan fari bane, babban namijin da ke raye ne.

Yaya ni kuma sai nake ganin me zai hana a ce "magaji" kawai, kalma ce tamu tun kaka da kakanni.

A'a ƙanina, magaji mutum ne, ni sunan tsarin nake nema. Kuma magaji ai kowa ma magaji ne in an zo rabo. Abin da ya fi damuna ma ita kanta kalmar gado, da Bahaushe ya ji ta abin da ke faɗo masa a rai rabo ne, a kira malami a lissafa kason kowa, alhali nan hana rabon ne gaba ɗaya maganar. Ku duba dokar da sarki Karl na huɗu ya fitar a 1356, ta ce ƙasashen manyan nan masu zaɓen sarki irin Saksoni da Brandenburg ba a raba su, babban ɗa ya ɗauka. Duk da haka a 1485 Ernst da ƙaninsa, wani Albrecht daban, na gidan Wettin masu mulkin Saksoni, sun zauna a Leipzig sun raba sauran ƙasarsu, yankin kujerar zaɓen dai ya tsaya a hannun wan. Kaga dole kalmar ta nuna ba a gutsura ba.

Toh Malam a ce "gadon babban ɗa a dunƙule" mana, ɗayan kuma "gadon rabo".

Madalla, wannan ta zauna min wlh. Ta ɗan yi tsawo, don haka farkon ambato zan rubuta ta cikakkiya, daga nan in riƙa cewa gadon babban ɗa, na Bavariya kafin 1506 kuma in kira shi gadon rabo.