Wanda ya tono, shi ne mai shi?

Yaya Babba: Jama'a, yau na kai yara gidan tarihi na Birmingham a Ingila, mun ga tsohon zinaren nan da aka tono a yankin Staffordshire. Wani Terry Herbert ne ya gano shi a 2009 da na'urar gano ƙarfe, a wata gona kusa da Hammerwich. Zinare kusan kilo 5, yawanci adon ƙotar takubba, wasu ƙanana kamar farce, da jajayen duwatsu a jere. An yi masa kuɗi fam miliyan 3.285, suka raba biyu da mai gonar. Ni dai na ce masu yawo da na'urar nan sun fi masana amfani ga tarihi. Masana na zaune a ofis, su kuwa suna cikin taɓo.

Auta: Yaya, nawa ce na'urar? Wani abokina ne ke tambaya.

Goggo: Auta, rufe mana baki. Babba, ka ɗauko wanda ya yi gaskiya ka mai da shi ma'auni. Ina ka bar na Herefordshire? A 2015 wasu mutum biyu suka tono dukiyar zamanin Vikings, mayaƙan nan na arewacin Turai, kusa da Leominster, tsabar azurfa wajen 300. Suka ɓoye, suka riƙa sayarwa a bayan fage. Kusan 30 kawai aka samu a lokacin shari'a, kuma a 2019 aka ɗaure su. A cikin kuɗin akwai masu hoton sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, Alfred na Wessex da Ceolwulf na Mercia, tsoffin masarautun Ingila, shaidar cewa sun taɓa ƙawance. Sauran kuma sun shige aljihun dillalai.

Yaya Babba: Goggo, ai ɓarawo ɓarawo ne ko da na'ura ko babu. Dokarsu ta 1996 ta ce ka kai rahoto cikin kwana 14, gidan tarihi ya saya, a biya ka. Kuma kada a manta, zinaren Staffordshire a saman ƙasa yake, inda garma ke bi. Da ba a ɗauke shi ba, da tarakta ta gama markaɗa shi.

Goggo: Wannan na yarda, wajen garma ka yi gaskiya. Amma ka san me ya faru bayan Herbert ya kai rahoto? Masanan da kake wa gori su suka zo suka tone filin a tsanake, suka rubuta inda kowane ɓarɓashi ya fito, suka shafe shekaru suna haɗa gutsattsari fiye da 4,000. Kwalkwalin da yaranka suka gani yau, daga irin wannan haɗe-haɗen aka ƙera kwatankwacinsa. Kwabo in ka zare shi daga ramin da yake ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, ka samu ƙarfe ka zubar da labari. Shi ya sa a can ma haramun ne ka kunna na'urar a wurin tarihi da hukuma ta killace sai da izini.

Kawu: To ni tambayata ta addini ce. Ba rikazi ke nan ba? Wanda ya samu ya fitar da humusi, ɗaya bisa biyar, saura nasa.

Goggo: Kawu, wannan sai malamai, don akwai sharuɗɗa, har da batun mai filin. Amma dokar Najeriya ta 1979 ta hana tonon kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Kuma mun ga aikin tono barkatai a ƙasar Nok wajen shekarun 1990: ramuka birjik, kawunan yumɓu sun ƙare a kasuwannin Turai.

Yaya Babba: Nok ai yumɓu ne, na'ura ba ta jin sa.

Goggo: Kusheyin Durɓi ta Kusheyi a Katsina fa? Can ƙarfe ne, har da zinare da tagulla. Ka so ka ji an saki masu na'ura a kansu?

Yaya Babba: A'a, ban da maƙabarta. Amma a gona ina nan kan bakata.

Auta: To gonar Kawu fa? Rabi da rabi kamar na Turawa.

Kawu: Herbert da manomin nan ba ɓatawa suka yi daga baya a kan kuɗin ba? Gyaɗa na shuka, kada wanda ya taka mini ita.